Usur a Ƙofar Gidan Ndako

Duk wanda ya bi layukan da ke bayan makarantar horar da malamai a Kontagora, inda gidajen hayar ɗalibai suka yi jere, zai ga wani dattijo zaune kan benci a bakin wani baƙin get, hula a karkace, tarin makullai a kan cinya. Ɗalibai suna ce masa Baba Makulli, yana kuma amsawa. Baƙo zai ɗauka maigadi ne. Ba maigadi ba ne, shi ne mai gidan, kuma ba rashin abin biyan maigadi ne ya zaunar da shi a wurin ba. Sunansa Ndako.

Banufe ne haifaffen Kontagora. Ubansa tela ne da ya zo daga ƙasar Bida da keken ɗinki ɗaya, ya so ɗansa ya gaje shi, amma Ndako ya ce zaman wuri ɗaya ba nasa ba ne. Sai ya shiga fataucin doya. Ya san hanyoyin Mashegu da Zugurma tun ana bin su ba tare da an yi wa iyali sallamar ban kwana ba. Tun yana saurayi aka san shi da hali ɗaya: in ya ɗaure buhu, sai ya koma ya kwance ya sake ɗaurewa. In ya kulle shago ya kai bakin titi, sai ya dawo ya ja kwaɗon ya ji. Matarsa Karima takan ce ko aljanna aka ba Ndako, abin da zai fara tambaya shi ne ina makullinta. Shi kuwa amsarsa ɗaya ce kullum, rigakafi ya fi magani.

Wata damina motar doyarsa ta kafe a laka tsakanin Zugurma da Mashegu. Direba ya yi iya yinsa, taya sai ƙara nutsewa take. Can sai ga wani siririn Bafulatani ya fito daga cikin daji da sanda a wuya, ya tsaya ya dubi motar, ya dubi Ndako, ya juya ya koma daji. Ndako ya tsine masa a zuci. Jim kaɗan sai ga shi ya dawo da ƙannensa da gatari, suka sari rassa suka shimfiɗa a ƙarƙashin taya, suka yi ta turi har mota ta fita. Ndako ya sa hannu a aljihu, saurayin ya ɓata rai kamar an zage shi. A maimakon haka ma shi ne ya ja su zuwa rugarsu ya ba su kindirmo. Wannan shi ne Kawu.

Kafin shekara ta zagayo Ndako ya sayi karsana ya kai wa Kawu kiwo. Mai kwance buhu ya sake ɗaurewa, shi ne ya miƙa dukiyarsa ga mutumin daji ba shaida sai Allah, kuma bai taɓa kasa barci a kanta ba. Duk ribar da ya samu a doya sai ya mayar da ita saniya. Kawu in ya shigo gari a gidan Ndako yake sauka, Karima ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar busasshen kifi, ya ci ya suɗe hannu, sannan ya ce, "Banufe, ku dai da an raba ku da kifi, shi ke nan an kashe ku." Ndako ya ce, "Kai da an raba ka da wutsiyar saniya fa?" Haka suka yi ta yi har furfura ta fara fito musu.

Da matar Kawu, Fadimatu, ta haifi ɗansu na fari, Ndako ya ɗauki rago a bayan babur ya tafi suna. Ya tarar da ruga cike da mutane, amma uban jariri babu shi. Tun da asuba ya kora shanu ya shige daji, bai dawo ba sai da taro ya watse. Aka raɗa wa yaro suna Zaidu. A nan Ndako ya ga da idonsa abin da yake ji a bakin mutane game da kunyar ɗan fari. A gidan su Kawu uba ba ya ɗaukar ɗan farinsa a gaban jama'a, ba ya yi masa wasa, ba ya kuma kama sunansa, haka uwa ma. Ba ƙiyayya ba ce, kara ce da suka gada. Kawu yakan ce "wannan", ko "yaron nan", in kuma yana son ya aike shi sai ya yi gyaran murya ya dubi gefe.

Abin ya zame wa Ndako abin tsokana na tsawon rai. Duk haɗuwarsu sai ya ce, "Kawu, faɗi sunan yaron nan sau ɗaya tak, in bar maka jar karsanar can."

Kawu ya sunkuyar da kai yana murmushi, yana zane ƙasa da sanda. "Riƙe karsanarka, Banufe marar kunya."

"To bijimi fa?"

"Ko garken duka ne."

Sai su fashe da dariya, yaron ma da ke gefe ya rufe fuska ya gudu bayan bukka. Ndako ya fi kowa a Kontagora sanin cewa bakin Kawu ba ya iya fitar da wannan suna. A riƙe wannan, domin shi ne abin takaicin duka.

Sannu a hankali daji ya lalace. Aka fara jin an tare hanya, an kora garke, an kwashe mutane. Wata safiya Kawu ya bayyana a kara, kasuwar shanu, da shanun Ndako gaba ɗaya, ya aika a kira shi. Ƙafafunsa duk sun faffashe saboda tafiya.

"Sayar da su," in ji shi. "In nawa aka kora, tsakanina da Allah ne. In naka ne, da wane ido zan dube ka?"

Ndako ya yi gardama, Kawu ya kafe. Da kuɗin shanun nan aka sayi fili a bayan makaranta, aka gina ɗakuna jere biyu suna kallon juna, da rijiya a tsakiya da bayi a ƙurya. Shekarar da ta biyo baya aka afka wa rugar su Kawu aka kora garkensa, ba a bar masa ba sai 'yan tsofaffin shanu da ba sa iya gudu. Wato kowane bulo na gidan Ndako, Kawu ne ya tsamo masa shi daga bakin kura, ya bar nasa a ciki. Ndako ya san haka, ba ya kuma ɓoyewa.

Zaidu ya yi makarantar 'ya'yan makiyaya, ya yi sakandare a Mashegu, ya samu gurbi a makarantar horar da malamai. Kawu da kansa ya kawo shi, da 'yar jakarsa da tabarma. Ya tsaya a tsakar gidan yana kallon rijiya, ba ya kallon ɗan, ya ce, "Ga wannan. Sandar kiwo ta ƙare mana. Na ba ka amana."

Ndako ya ce, "Wane wannan ɗin? Ba shi da suna ne?"

"Ka fara ko?"

Ɗakin da ke can ƙuryar baya, wanda ya fi kowane nisa da titi, shi Ndako ya ba yaron, bai kuma taɓa karɓar hayarsa ba. Zaidu dogo ne mai shiru, mai ladabi, shi ke share bakin rijiya ba tare da an sa shi ba.

Ba Zaidu kaɗai ne amana ba. Iyaye kan zo daga Rijau, daga Mariga, daga Minna, har daga Ilorin, su ajiye 'ya'yansu su ce, "Alhaji, bayan Allah sai kai." Wasu masu gidajen haya sukan ji wannan magana ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu. Shi Ndako a ƙirji take zama masa. In ɗalibi bai kwana a gida ba sai ya bi sawu, in wata ta kwanta zazzaɓi shi ke kai ta kemis. Mai faɗa ne, mai sa ido, ga yawan wa'azi, amma babu ɗan hayar da ya taɓa cewa mugu ne.

Sai abin da ake ji daga nesa ya shigo unguwa. Wata magariba wasu mutane ɗauke da makamai suka shiga wani gidan ɗalibai a layi na biyu, suka kwashe wayoyi da kwamfutoci, suka sari wani yaro a kafaɗa, suka tafi da wata yarinya mai suna Marta. Sai da iyayenta suka sayar da gona kafin aka sako ta, ba ta kuma sake komawa makaranta ba. Daga baya 'yan gidan suka tuna cewa kwanaki kafin abin, wani mutum ya zo da jarkar zuma yana cewa ɗan'uwansa yake nema, aka bar shi ya shiga ya leƙa ɗaki-ɗaki, ya fita bai samu kowa ba. Tun daga ranar kalmar infoma ta zauna a bakin kowa, har yara masu wasan ƙasa.

Masu gidajen haya suka yi taro a harabar masallacin unguwa. Ndako ne ya fi kowa magana, domin tun da abin ya faru abinci ba ya wuce masa. Ya ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ya kawo shawara a ɗaga katanga, a dasa fasassun kwalabe, a sa fitilun sola, a toshe duk wata ƙofar baya a bar ɗaya, kowane gida ya ɗauki maigadi. Kowa ya ce madalla. Sannan ya kawo tasa dabarar, wadda ya yi ta alfahari da ita. Ya ce ɓarawo na iya sanin gida, amma ba ya sanin sunan na ciki. Saboda haka duk baƙon da ya zo, a tsayar da shi a waje ya faɗi sunan wanda yake nema. In ya faɗa, a kira masa shi. In ya kasa, ko ya fara kame-kame, maigadi ya fito ya datse get da kwaɗo ta waje, ya busa usur. Duk maigadin da ya ji usur shi ma ya busa nasa, ɗalibai su shige ɗakuna, mazan unguwa su fito. Shi da kansa ya je kasuwa ya sayo usur ɗin, irin na alƙalan ƙwallo, ya raba gida-gida.

Da ya koma gida cikin gari yana ba Karima labari, ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Alhaji, na ji mai tayar da usur. Wa zai kwantar da shi?" Ya ce mata ba su san sha'anin tsaro ba.

Maigadin da ya ɗauka sunansa Husaini, mutumin wani ƙauye ne wajen Dukku da aka ƙone, ya gudo da matarsa da 'ya'ya biyu. Ba mugun mutum ba ne. Mutum ne da maciji ya sara, ko baƙin tsumma ya gani sai jikinsa ya ɗauki rawa. Ndako ya ga wannan tsoron ya ce ya samu irin wanda yake nema. Ya zaunar da shi ya karanta masa doka har ya haddace.

"Ko ubana ne ya taso daga kabari ya zo ƙofar nan," in ji Ndako, "in bai faɗi suna ba, busa. Kada ka yi tunani. Tunanin nawa ne, na riga na yi maka."

Husaini ya ce, "To, Alaji."

Gida ya koma kamar gidan yari. Aka sa wa kowace taga sandunan ƙarfe, tagar Zaidu ma har ninki biyu. Ranar Asabar Ndako kan zo ya sa a gwada, a busa usur, ɗalibai su ruga ɗakuna suna dariya, shi yana tsaye yana faɗa wa masu nawa. A nan suka sa masa Baba Makulli. Amma iyaye suna jin daɗi, ɗakunansa ba sa kwana babu kowa. A duk wannan shiri da ya yi, da duk irin baƙon da ya zauna ya hasko a ransa, mai zuma, mai tallan magani, mai kayan sarki na bogi, ko sau ɗaya Kawu bai faɗo masa a rai ba. Kawu ya daɗe bai shigo gari ba saboda hanya, Husaini bai taɓa ganinsa ba, wajensu kuma babu sabis balle ya buga waya ya ce ga shi nan tafe.

Ranar wata Laraba ce, bayan la'asar. Ndako ya tafi kasuwa sayen waya mai reza da zai ƙara a kan katanga, domin a ganinsa kwalabe sun yi kaɗan. Ɗan acaɓa ya sauke Kawu a bakin layi ya juya. Ya tako a hankali da sandarsa, rawani ya rufe masa rabin fuska saboda iskar babur, da ɗan buhu a kafaɗa, a ciki akwai man shanu a roba na Karima da ɗanyen gero na yaron. Ya tsaya yana kallon baƙin get da doguwar katanga, bai gane gidan ba sai da ya ga saman bishiyar mangwaron da ke kusa da rijiya. Ya yi sallama.

Husaini ya buɗe ƙaramar ƙofa ya tare ta da jikinsa. "Baba, wa kake nema?"

"Mai gidan."

"Ba ya nan."

"To, yaron nan."

"Wane yaro?"

"Na wajena. Yana karatu a nan."

"Duk nan karatu suke. Mene ne sunansa?"

Kawu ya yi ɗan murmushin nan nasa, ya sunkuyar da kai, ya fara zane ƙasa da sanda. "Dogo ne," ya ce. "Fari haka. Ba ya yawan magana."

"Suna na tambaye ka, Baba."

"Ai za ka san shi. Ɗan Fulani ne."

"'Yan Fulani sun fi ɗaya a gidan nan. Ɗanka ne, ba ka san sunansa ba?"

Da Kawu ya ce masa a al'adarsu ba a faɗa, wataƙila da an tsaya nan. Amma bayyana kunya ma wata rashin kunyar ce a wurinsa, ga shi kuma wanda ke tambayar sa'an ƙaninsa ne. Sai ya yi abin da ya ga ya fi sauƙi. Ya miƙa wuya ta saman kafaɗar Husaini yana leƙen tsakar gida, yana bin ƙofofin ɗakuna da ido ɗaya bayan ɗaya, ko Allah zai sa ya hango yaron ya yi masa gyaran murya. Husaini ya dubi rawanin, ya dubi buhun, ya dubi idanun da ke bin ɗakuna. Ya fito ya ja ƙofa, ya datse kwaɗo, ya sa usur a baki.

Dabarar Ndako ta yi aiki yadda ya tsara ta, babu inda ta yi kuskure. Usur na gidan gaba ya amsa, na bayansa ya amsa, har layi na uku. Ɗalibai suka shige ɗakuna suka sa sakata. Maza suka fito da gora da katako da ƙarfen walda, da 'yan acaɓa, da masu shaguna, da mutanen da suka taimaka aka ɗauki yaron da aka sara a kafaɗa. Babu wanda ya tambayi abin da ya faru, kalma ɗaya ce ke yawo. Kawu ya tsorata ya juya zai tafi, tafiyar nan kuwa ta zama shaida a kansa.

Ndako yana cikin keke mai ƙafa uku, da naɗin waya a gefensa, ya jiyo usur tun daga bakin titi. A faɗi gaskiya ko da ɗaci: daɗi ya fara ji. Ya ce wa mai keken, "Ka ji ko? Nawa ne wannan. An kama wani." Ya sauka yana gyara babbar riga, yana ratsa mutane ana buɗa masa hanya, ana cewa ga Alhaji nan, ga mai gidan nan. Sai ya taka wani abu mai santsi. Man shanu ne ya malale a ƙasa ya haɗe da gero. A gefen kwata kuma ga sanda, mai ɗaurin jar fata a kai. Shi ne ya sayi fatar nan a kasuwar Zugurma ya sa aka ɗaura mata.

Ba ya tuna yadda ya kai tsakiya. Mutane sun ce ya faɗa kan mutumin ya rufe shi da jikinsa yana ihu da Hausa da Nufanci a haɗe, har shi ma ya sha gora a gadon baya kafin hannuwa su tsaya. Ya janye rawanin. Kawu yana numfashi, ido ɗaya a buɗe, amma bai gane shi ba. A cikin shirun da ya biyo baya ne aka fara jin ana dukan get daga ciki, ana dukansa kamar za a ɓalle shi. Husaini ya gudu da makulli. Ndako ya laluba aljihu da hannu mai jini ya ciro nasa ya buɗe. Zaidu ne, rigarsa a yage, wasu ɗalibai biyu na riƙe da shi.

A keken da ya kawo waya aka ɗauki Kawu zuwa asibiti. Bai kai magariba ba.

An kama Husaini da wasu daga cikin mutanen unguwa, maganar tana kotu har yanzu. Da aka tambayi Husaini, cewa ya yi abin da Alhaji ya ce ya yi, shi ya yi. Ndako ya tashi a gaban kowa ya ce gaskiya ya faɗa. Ba a tsare Ndako ba, domin babu dokar da ta hana mutum sayen usur, kuma wannan ya fi masa ciwo fiye da a ce an tsare shi.

Shi ya raka gawa har inda su Kawu suka koma da zama kusa da bakin hanyar Zugurma. Ya tafi yana jiran a zage shi, ko a tofa masa yawu, yana ma fatan haka. Babu wanda ya yi. Aka shimfiɗa masa tabarma, aka kawo masa ruwa. Bayan an dawo daga maƙabarta Fadimatu ta aiko a kira shi. Ya durƙusa a bakin bukka, tana ciki ta juya baya.

"Alhaji, sannu da ɗawainiya," ta ce. "Abu ɗaya zan tambaye ka. An ce ya kira yaron. Da baki. Gaskiya ne?"

Ndako bai san da wannan ba. Ya juya ya dubi Zaidu da ke tsugune a gefe. Yaron ya gyaɗa kai, ya ce haka ne.

Fadimatu ta ce, "Ashe ya sha wuya."

Sai bayan sadakar bakwai, da Zaidu ya zo kwashe kayansa, Ndako ya ji sauran. Suna zaune a bakin rijiya, yaron yana magana a hankali yana kallon ƙasa. Ya ce da usur ya tashi ya shiga ɗaki ya sa sakata kamar yadda aka koya musu. Tagarsa katanga take kallo, ba ya ganin komai, hayaniya kawai yake ji. Can sai ya ji ana kiran sunansa daga waje. Ya ce bai gane muryar ba. Ya san muryar, ya kuma san sunan, amma bai taɓa jin su tare ba, sai ya tsaya yana tunanin wane ne wannan. Sai da aka sake kira, aka sake, sannan ƙafafunsa suka gane kafin kansa. Ya fito da gudu, abokansa suka danne shi a tsakar gida, suna cewa kai suka zo ɗauka, ba ka ji suna kiran sunanka ba? Don su cece shi suka yi. A waje kuma, da mutane suka ji sunan, sai wani ya ce kun ji ko, ashe ya san wanda aka aiko shi ya nuna. Suka ƙara masa duka.

Zaidu ya ciro makullin ɗaki ya ajiye a kan murfin rijiya.

"Baba, tun ina yaro kake roƙonsa ya faɗa," ya ce. "Ya faɗa. Ba ka nan."

Ndako ya roƙe shi ya zauna ya ƙarasa karatu, ya ce zai kama masa ɗaki a wata unguwa, ya ce rabin gidan nan na ubansa ne, ya ɗauka. Zaidu ya yi godiya da ladabi. Ya ce akwai ƙanne, akwai tsofaffin shanu, babu mai riƙe sanda. Ya ɗauki jakarsa da tabarmarsa, ya nemi a ba shi sandar mai jar fata, ya fita ta ƙaramar ƙofa.

Mutum zai so a ce Ndako ya rushe katanga ya cire get ya zubar da kwalabe. Ya so ya yi, har ya kira magini. Amma daji bai gyaru don Kawu ya mutu ba, 'ya'yan mutane kuma suna nan a ɗakuna, iyayensu na bugo waya suna tambaya ko an ƙara tsaro. Ya sallami maginin. Naɗin wayar da ya sayo a ranar yana nan bayan bayi ya yi tsatsa. Usur ɗinsa ya jefa a masai, amma na sauran gidajen suna rataye a wuyan masu gadinsu, ya bi su gida-gida yana roƙo a ajiye, suka ce ai shi ya koya musu. Wani lokaci yara na wasan ƙwallo a fili su busa nasu, sai a ga dattijo ya miƙe zumbur, makullai sun zube.

Bai sake ɗaukar maigadi ba. Tun daga sallar asuba har isha yana kan bencin nan. In baƙo ya zo, ba ya tambayarsa suna. Yakan amsa sallama, ya dubi mutum da kyau, ya dafa gwiwa ya tashi, ya shiga da shi da kansa su bi ɗakuna har a samu wanda ake nema, sannan ya rako shi waje. Gwiwoyinsa sun kumbura da wannan sintiri. Maƙwabta na cewa wata rana zai shigar da wanda zai kashe shi. Yakan ce ya sani.

Ɗakin ƙuryar baya a kulle yake. Duk farkon zangon karatu, lokacin da ɗaki ke wuyar samu, sai an sami wanda ya hango shi. Kwanan baya wani uba daga Rijau, da ya zagaya gidan ya yaba katanga ya yaba sandunan taga, ya tsaya a ƙofar ɗakin ya ce ai wannan ya fi kowane tsaro, shi yake so wa 'yarsa.

Ndako ya ce akwai mai shi.

"Ikon Allah. Ga ƙura har a kan kwaɗo. Na wane ne?"

Karima ce ta fara lura cewa bakinsa ya daina kama sunan yaron, tun ranar da suka dawo daga Zugurma, ba ta kuma taɓa yi masa maganar ba. Ndako ya sunkuyar da kai yana zane ƙasa da bakin takalmi.

"Na yaron nan ne," ya ce.